Waƙar Kangon Dutse da Ba a Rufe Ba

Akwai ranar da har gobe ba ta fita daga raina, ranar da wata tsohuwa 'yar ƙabilar Phnong ta ƙasar Kambodiya ta zo ofishinmu na Bron, a gefen birnin Lyon. Lokacin ina mataimakin mai adana sauti a wata cibiyar bincike. Aikina in ɗauko tsofaffin kaset-kaset daga ma'ajiyarmu ta Paris, in juye su a kwamfuta, in tace hayaniyar da ke ciki. Babbar dokar sana'ar, ku sabbin shiga ku riƙe ta, ita ce ba a ƙara komai a kan asali, ba a rage komai.

Cikin kayan da na kawo Lyon akwai kaset da wani Bature ya naɗa da daɗewa a tsaunukan gabashin Kambodiya. Wani dattijo ne yake rera labarin wani kangon dutse da ke dajinsu. Masu bincikenmu damuwarsu wane sarki ya gina shi, a wane ƙarni. Mutanen ƙauyen kuwa, a wajensu kangon gida ne mai jama'a har yau, kakanninsu ne a ciki, kuma waƙar kiran su take ɗaya bayan ɗaya. Sai dai zaren kaset ɗin ya ƙare a tsakiyar baiti. Ƙarƙashin muryar kuma akwai wani gunji mai kauri, kamar ana jan turmi a daɓe. Duk dabarar da na sani na gwada, ya ƙi fita. Har bi na gida ya fara yi, ina cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, ina jin sa a kunne.

Mai waƙar mahaifin tsohuwar ne. Ta zo da 'yarta, ma'aikaciyar jinya, ita ke yi mana fassara. Na kunna wa tsohuwar kaset ɗin. Da zaren ya yanke sai ta juya ta yi wa 'yarta magana.

'Yar ta ce, "Mama tana tambaya, sau nawa ka kunna wannan?"

Na ce, "Ai ba ya ƙirguwa, Madam. Aikina ke nan."

Suka yi magana da yarensu, sannan 'yar ta juyo. "Ta ce waƙar tana da buɗi da rufi. A farko ake kiran kakanni su fito, a ƙarshe a sallame su su koma. Babanta ya rera rufin a ranar, na'urar Baturen ce ba ta ɗauka ba. Duk kunnawar da ka yi fito da su kake, ba mai mayar da su. Kuma a iya saninta, ita kaɗai ta rage da ta san rufin."

Ni ɗan Damagaram ne, musulmi, ban yarda matattu na yawo a zaren kaset ba. Amma duk da haka na buga wa shugabata waya a Paris, na ce ina so tsohuwar ta rera rufin in naɗa.

Ta ce, "Issoufou, ka fi kowa sanin ba a taɓa asali."

Na ce, "Ba zan taɓa ba, Madam. Nata zan naɗa daban, in haɗa su a jere, yadda duk wanda ya kunna na farko, na biyu zai biyo."

Sai ta ce in yi.

Tsohuwar ta nemi ruwa a kofi. A can ƙauyensu giyar shinkafa ake zubawa, ta ce a nan ruwa ma ya wadatar, ni kuwa na ce alhamdulillahi a zuciyata. Ta ɗiga kaɗan a ƙasa. Na mayar da kaset baiti na ƙarshe, inda muryar mahaifinta ta tsinke nan tata ta kama, ko numfashi ba ta ja ba. Ba ni take kallo ba, kusurwar ɗakin take kallo, tana ɗaga kai kaɗan-kaɗan irin na mai sallamar baƙi. Ni dai ban waiwaya ba.

Gunjin yana nan a tsohon kaset, kuma injiniyanmu ya ce ƙarar injin naɗin Baturen ce. Wataƙila gaskiyarsa. Amma wanda yake bi na gida, daga ranar ban ƙara jin sa ba. Da sanyi ya shigo 'yar ta bugo ta ce tsohuwar ta rasu, hankalinta a kwance.

Mu a wannan aiki mun ɗauka sauti muke adanawa, masu shi kuwa mutanensu suka ba mu amana. Shi ya sa har yau, kafin in danna maɓalli a kan kowace tsohuwar murya, sai na nemi masu ita na tambaye su wa take kira, kuma wa ya san yadda ake sallamar su.