Shekarar da Shinkafa ta Tsiro a Banɗakinmu

A unguwar Gesse muke zaune a lokacin, cikin ƙananan gidajen nan masu kama da juna kamar uwa ɗaya ta haife su. Ni da maigidana da yaranmu biyu: yarinya da ta fara firamare, da ƙanenta da bai daɗe da sauka daga goyo ba. Albashi kan zo mana kamar baƙon da ke gaisuwa daga bakin ƙofa, ko takalmi ba ya cirewa.

Maigidana ofishin tsare-tsare yake aiki, kuma tsarin ba ya tsayawa a ofis, har gida yake rako shi. Shi ya tsara a riƙa yanka sabulu gida uku. Shi ya gano cewa in an ba yara shayi a ƙaramin kofi sun fi ganin yawansa. Mutum ne mai taushin zuciya, ba ya faɗa, sai dai bayani.

Wata ranar Alhamis, ana tsakiyar girbin shinkafar rani, ya shigo da mashin ɗinsa har tsakar gida, da ƙaton buhu ɗaure a baya.

"Uwargida, taho ki ga abin da ilimi ka yi."

Na kwance bakin buhun, na sa hannu, wani abu mai ƙaiƙayi ya cika mini tafi.

"Baban yara, wagga ai shanshera ce."

Shanshera ita ce shinkafa da rigarta, yadda ta fito daga gona, ba a turara ba, ba a cashe ba. Ya ce daga Zauro yake, hannun manomi ya saya. Duk abin da muka ware na abinci ya zuba a ciki, kuma ita za mu ci har ƙarshen damina.

"Duba ki gani," in ji shi, yana lanƙwasa yatsu. "Mai turarawa ta ci riba, mai inji shi ci riba, ɗan kasuwa shi ci, mai shago shi ci. Mu mi munka yi musu? Mu turara abinmu."

"Wa za ya turara?"

Ya dube ni da irin kallon da ya yi mini ranar da ya fara zuwa zance gidanmu.

Ni a unguwar Nasarawa ta cikin gari na tashi, ɗiyar malamin makaranta. Shinkafa na san ta a faranti, na kuma san ta a waƙoƙin da nake rubutawa tun ina sakandare, inda iska ke shafa kan fadama da yamma. Shi kuwa ɗan Argungu ne, gidan masunta. Iyakar saninsa da turara shi ne ya sha wucewa ana yi. Na ce mu kira Inna, mahaifiyarsa, mu tambaye ta. Ya ce kada in kuskura, don da ya je gida da Sallah ya gaya mata mu a birni mun daina cin shinkafa mai tsakuwa.

Sannan ya kafa sharaɗi: kada kowa a layinmu ya sani. Ban yi musu ba, don ni ma na san layinmu. Kowace mace a nan shinkafa 'yar waje take ci, a bakinta. Kowane kicin akwai buhu mai rubutun wata ƙasa jingine inda baƙo zai hango. Mu ma muna da namu, ya tsufa har hoton jikinsa ya koɗe, muna auno mudu daga kasuwa muna zuba masa.

Don haka a banɗaki muka jiƙa ta, cikin duron ruwa da bahon wanka da duk wani bokiti mai numfashi a gidan. Na ce ina jin kamar da ruwan zafi ake yi. Ya ce ruwa ruwa ne, zafi gaggawa ce kawai, kuma itace ba kyauta ake ba da shi ba. Yara suka koma wanka bayan kicin. Muka zaunar da su muka ce wannan zancen gida ne. Yarinyar ta riƙe amana har tana tafiya da ɗaurarriyar fuska. Ƙanenta kuwa duk wanda ya gani sai ya ce masa, "Muna da abin da ba a faɗi."

Tsarin shi ne a turara ranar Asabar, ranar da matan layin duka za su tafi biki Argungu, ba mai ganin hayaƙi. Tukunya kuma za a aro babbar tukunyar Hajiya ta gidan kusurwa, a ce wanki za a dafa. Abin da tsarin bai hango ba shi ne tukunyar ma an gayyace ta bikin. Da idona na ga ana ɗora ta bayan mota, baki sama, kamar tana yi mini dariya.

Ruwan jiƙon ya fara kumfa, ya fara tsami. Na tsiyaye shi, na mayar da shinkafar buhu da danshinta, na ɗaure, na lulluɓe da tsohon bargo don warin ya tsaya wuri ɗaya. Ashe haka manoma ke yi wa iri in suna son ya fito da wuri. Ban sani ba. Tukunya ta yi zamanta Argungu ana ta yinin biki, ruwan farko ya sauka ya jiƙe ɗan itacen da muka tara, maigida ya ce a ƙara haƙuri.

Wata safiya bayan ya fita na ɗaga bargon, na ji buhun da ɗumi kamar jikin yaro mai zazzaɓi. Na kwance. Kowace ƙwaya ta sama ta fasa baki ta fito da farin zare siriri, wasu har da ɗan kore a kai, sun riƙe juna kamar masu tsoron faɗuwa. Haske na shigowa ta ƙaramar taga yana sauka a kansu. Na zauna bakin baho ina kallo, har wasu baitoci sun fara taruwa a kaina, a kan rai da ke neman hanyarsa ko a cikin duhu.

"Mama," in ji yarinyar daga bayana, "abincinmu ya yi gemu."

Nan baitocin suka watse. Na je kicin na duba abin da ya rage mana: garin masara a gindin roba, albasa, da busasshen kifin da Inna ta aiko. Duk ƙwayar da ta tsiro ta fita daga farantin yarana ke nan, kuma tsiron bai san ana jiran wata Asabar ba.

Na kira maigida a waya. Ya ce ya ji akwai suna a bayan layi mako mai zuwa, mata za su sake fita.

Ban taɓa kashe masa waya ba sai ran nan. Na ja buhun nan da baya da baya, yara na turawa, har ƙofar gida, da rana tsaka. Na shimfiɗa tabarmi da tsofaffin zannuwa na zazzage. Warin ya miƙe ya bi layi gida gida yana sallama.

Hajiya ta gidan kusurwa ce ta fara fitowa, gefen mayafi a hanci, zobba na walƙiya.

"Ɗiyata, mi ya mutu gidanga?"

Ta tsaya a kan shanyar. "Wane irin hatsi ne wanga kuma?" Tana tambayar, hannunta ya riga ya duƙa da kansa. Ya ɗebo, ya murza, ya kai ƙwaya ɗaya baki, haƙori ya gwada.

"Da ruwan sanyi kinka jiƙa? Innalillahi! Kuma kinka rufe ta da danshi?" Sai ta tuna ko ita wace ce, ta gyara mayafi. "Ni dai ban san kan abin ba. Wata 'yar aiki da munka taɓa yi ce nika ji tana faɗi." Ta juya ta ƙwala wa almajirar ɗinkinta kira. "Ke! Mirgino tukunyar nan da anka maido jiya. Ki haɗo da busasshen icce na bayan kicin."

Shekara biyu muna maƙwabtaka, ban san akwai murhu a gidan Hajiya ba.

Kafin a haɗa wuta maƙwabciyarmu Anti nas ta fito, ba ta ma cire fararen kayan aiki ba, sai matar akanta, mai lissafin kuɗin nan na layinmu, da faifai a hannu, wai wucewa take yi. Suka duƙa suna ware mai tsiro daga mai sauran amfani. Sai gardama ta tashi a kan yawan ruwan da za a zuba a gindin tukunya.

"Kaɗan aka sawa, tururi ka aiki ba ruwa ba," in ji Anti nas. "A rediyo na ji."

"Rediyonki bai gaya miki sai an rufe da buhun algarara ba?" in ji matar akanta. "Ni wata ƙawata ce ta ba ni labari."

"Ƙawar taki ta iya riƙon faifai, wallahi," in ji Hajiya. "Har ta ba ki aron wuyan hannunta."

"Ke dai Hajiya, 'yar aikin nan taku ta bar miki haƙoranta," in ji matar akanta.

Suka kwashe da dariya, ba wadda ta kalli wata. Ni aka ba ni aikin da ya dace da ilimina: korar kaji, tare da yarana. Hayaƙi ya tashi sama ƙarara inda duk Gesse za ta gani. Da tururi ya huda buhun, Hajiya ta ɗaga gefe ta leƙa, ta ce bakin shinkafar ya buɗe, a sauke. Aka baza, aka sake cika tukunya.

Ana cikin haka maigida ya dawo. Ya tsayar da mashin daga nesa, ya daɗe yana gyara madubi, sannan ya ƙaraso ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Dama tsarin ke nan," in ji shi, "a haɗa hannu da al'umma."

"Sannu da tsari, Malam," in ji Hajiya. "Cire hular ka ɗauki bokitin can."

Abin da ya tsiro kajin layi suka yi walima da shi. Sauran ya sha iska a inuwa, don an gargaɗe ni da bakin rediyo da na ƙawa cewa rana mai zafi karya ta take yi, sannan aka kai inji a Nasarawa. Shinkafar ta dawo ja-ja, rabinta a karye, da wani wari da ban iya samo masa suna ba duk da karatuna. Na yi dafa-duka, na zuba daddawa da albasa da kifin Inna ba tausayi, na ajiye faranti a tabarma ina kallon yaran.

Yaron ya sa hannu biyu. Yarinyar ta toshe hanci da hagu, ta ci da dama, ta cinye, ta miƙo farantin.

"A ƙara, Mama. Amma kada a sa mini a kwanon makaranta."

Ba ta kai mu ƙarshen damina ba, amma ta kai mu har sabuwar masara ta shigo kasuwa, kuma ba ranar da yaran suka kwana da yunwa. A layi ba wadda ta sake tayar da zancen. Mun ci gaba da haɗuwa a suna da biki muna kukan tsadar 'yar waje.

Da girbin damina ya zo, Hajiya ta aiko a tambayi maigida ko zai sake leƙawa Zauro. Tana son buhu uku, wai na tantabarun Alhaji. Tantabarun nan ina ganinsu kullum a kan katanga, su huɗu ne.