Injin Da Baba Muntaka Ya Ce Kada In Aiko

Shekarata shida rabona da Dutse, don haka ta waya labarin ya iske ni a Turabulus ta Libiya. Ranar Laraba, sha biyu ga Rajab, ɗanka Musaddiq ya ce mini ciwon ƙirjin nan ya tafi da kai bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Muntaka, a shagonka na koyi kafinta, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka kwanta dama ba. Kana da faɗa, hannunka kuma bai cika buɗewa ba wajen sallamar ma'aikata. Shi ya fitar da ni. Amma lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya a Jahun, kai ka rufe shago ka kwana a barandar asibiti tare da ni, ba ka taɓa goranta mini ba.

Kowa ya san gadajenka da furannin da kake sassaƙawa a allonsu. In an gama shafa, sai ka ɗauko tsohon gyalen matarka Inna Zinariya ka ja shi a kan kowane gefe da lungu. Zare ɗaya ya maƙale, aiki ya koma baya. Kakan ce, "Abin da ya kama gyale zai kama fatar jariri."

Bara hannunka ya fara rawa, goge katako da sanfefa ya gagare ka. Maƙwabta suka ce ka ɗaura ta a garanda ta masu walda kamar kowa. Ka aiko mini da murya kana tari: "Idirisu, garanda ƙona katako take yi. Kai da kake cikin injuna, zaɓo mini na kirki."

Na zaga kasuwa a ranakun Juma'a. Injin shafa mai bel na manyan alluna ne, yana taɓa gefe zai cinye shi. Mai faifai yana barin zobe-zobe, ba ya kuma shiga kusurwa. Na tsaya a kan ɗan ƙarami mai baki kamar dutsen guga, wanda ake rage masa gudu. Na ɗauki mai batir saboda halin wutarmu, mai jakar tara ƙura saboda ƙirjinka.

Na ce zan ba wani mai tahowa Kano. Ka ce, "Kada ka ba ɗan aike. Wanda ya zaɓi inji shi ke nuna yadda ake riƙe shi." Na ji haushi, don na gane kirana gida kake yi, alhali ka san fasfona yana hannun mai kamfanin da nake wa aiki. Ba ka sassauta ba, shi ma bai sassauta ba.

Musaddiq, na ji ana zawarcin shagon za a mai da shi na sayar da wayoyi. Haƙƙinku ne, ba zan ga laifinku ba. Roƙona ku saurara mini zuwa babbar salla, in dawo in riƙe shi. Jiya na ajiye aiki, na ce a ba ni fasfona ko a bar ni in bi ta sahara.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka. Inna Zinariya, Musaddiq da sauran iyali, Allah ya ba ku haƙurin rashi.

Ga abin da na tara a shekarun nan, kada ku sa rai da yawa: injin nan, batir biyu, ƙunshin sanfefa, da kuɗin mota da zai kai ni Agadas. Sauran hanyar Allah ya san yadda zai yi da ni.

Idirisu, Turabulus