Wayar da Inna Ta Bayar Habbanaye

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, mahaifiyata ta gama takaba amma ta ƙi fita. Ba biki, ba suna, ba kasuwa, awakinta ma ta sayar. Ina aiki a Madawa, tana Tabotaki. Kullum na kira sai ta ce lafiya lau, ni kuwa na san zaman ɗaki yana cin ta.

Da na je gida, sai na sa mata wata 'yar halitta a waya, irin wadda ake kiwo a kan allo. Kamar ɗan tsako take farawa. In kana ba ta abinci kana yi mata magana, sai ta girma, ta sake kama, ta ɗauki halinka. Ni ɗan boko, na sa tawa a wayata, yunwa ta kashe ta tun ba a je ko'ina ba. Ta Inna kuwa ta yi ɓulɓul, ta fito da 'yan ƙahoni, har ta koyi amsa gaisuwa irin tamu ta Adar. Inna ta yi mata faɗa, ta ba ta labarin Baba. Na ji daɗi, amma fita dai babu.

Wata rana na kira, sai maƙwabciyarmu ta ɗauka, wata tsohuwa da 'ya'yanta duk suka tafi cirani. Na yi maza na tambaya ko lafiya. Ta ce in kwantar da hankalina, Inna ƙalau take, wayar ce kawai a hannunta. Ashe tsohuwar ta leƙo gaisuwa, ta ga halittar ta yaba. Ni kuma na taɓa gaya wa Inna cewa in halittar ta girma tana haihuwa. Sai Inna ta yi abin da ake yi da akuya a wajenmu, wato habbanaye: ka ba wanda ba shi da dabba uwa, ya riƙe har ta haihu, ya ɗauki ɗan, ya maido maka da uwar. Wayar ɗungum ta miƙa mata.

Na hau mota na tafi, bakina cike da bayani. Na tarar da gidanmu a rufe. Inna tana gidan maƙwabciya, su biyu a kan tabarma suna ɓarar gujiya, suna gardamar ko an cika wa dabbar ciki. Wai kullum sai Inna ta zo dubawa, don ba ta yarda da kiwon wani ba.

Na ce ai ba sai an ba da waya ba, zan sayo wa tsohuwar tata wayar, in an haihu a tura mata ɗan. Inna ta ja ni gefe, ta rage murya.

"Kai ɗan nan, bar wagga magana. In ka sawo mata tata, mi za ya kawo ni gidan ga kullum?"

Ban sayo ba. Wayar ta shekara a gidan, har yau kuma in na tuna sai na yi murmushi. Duk tsawon lokacin, in ina son jin muryar mahaifiyata sai na jira ta fita unguwa, kuma ban taɓa jin daɗin jira irin wannan ba.