Watannin da Ake Bin Ƙanena

Ƙanena ya rasu bayan kaka, lokacin da buhunan shinkafa ke shigowa Jalingo daga Mutum Biyu, kowa da 'yan kuɗi a aljihu. Ya bar mata da 'ya'ya mata uku, da sana'arsa ta sayar da intanet. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ban san kan harkar ba. Abin da na sani kawai, yana hawa rufin mutane ya kafa musu 'yar na'ura, su kuma su biya shi. Wasu wata-wata suke biya. Wasu kuwa, musamman 'yan kasuwar hatsi da masu makarantun kuɗi, na shekara guda suke zubewa idan kaka ta yi, shi kuma ya yi musu ragi.

Da aka share makoki nauyi ya dawo kaina, don ni ne babba. Gidan da suke haya a Abbare, mai shi ya sa shi a kasuwa, amma ya ce saboda mutuncin marigayi zai ɗan jira mu. Lissafina ba wuya: a sayar da sana'ar, a sayi gidan, marayu su zauna inda suka saba.

Mai sayen sana'ar wani injiniya ne Bajukune, sun daɗe suna hulɗa da ƙanena. Muka yi ciniki a shagon marigayi, farashin ya tsaya daidai inda zai kai mu gidan. Har na fara hamdala a zuci, sai ya gyara zama.

"Baba, saura magana ɗaya," in ji shi. "Akwai waɗanda suka biya na gaba. Mutum ya ba da kuɗin shekara, bai ci ko rabi ba. Ragowar watannin ni zan ba shi, ni zan zuba man janareta, alhali kuɗin bai shigo hannuna ba. Sai an cire shi daga farashi."

Ya faɗi abin da za a cire. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba.

"Haba Injiniya, ka ji tsoron Allah! Kuɗin da aka ba mutum da ransa, ya karɓa ya kashe, shi za ka zo ka ƙwace a bakin marayu? Ai batura da farantan sola ya saya da su, ga su nan kana kallo!"

Bai ɗaga murya ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya ce batura an riga an sa su cikin farashi. Ya ce kuɗin da aka karɓa kafin a yi aiki ba riba ba ce tukuna, alkawari ne, kamar tela ya karɓi kuɗin ɗinki bai ɗinka ba. Sannan ya ba ni zaɓi. Ko a cire, ya cika wa kowa watanninsa, ko ya biya farashin cif, amma ranar da ya karɓi shago kowa ya fara sabon biya, wanda ke da ƙorafi ya nemi iyalan marigayi.

Na tashi ban yi masa sallama ba. Na wuce Abbare wajen matar ƙanena. Tana takaba, don haka na zauna a bakin ƙofa, ita tana ciki bayan labule. Na zayyana mata komai, na kuma faɗa mata ra'ayina ƙarara: a karɓi farashin cif. Garin nan da kunya, babu wanda zai ƙwanƙwasa ƙofar marayu saboda kuɗin intanet.



"Yaya," ta ce, "ranar jana'iza ina jiyowa daga nan aka yi shela, wanda ke bin marigayi bashi ya zo ya faɗa. Wa ya zo?"

"Babu kowa."

"To ai ga su nan sun zo. Ba su san suna binsa ba ne kawai, amma mu yanzu mun sani."

Na ce mata gidan fa zai tafi. Na ce ta dubi yaran nan. Wallahi har muryata ta karye, ni da ban yi kuka a maƙabarta ba. Ta ce ta dube su, ta kuma dubi ubansu inda yake kwance, kuma ba a raba gado sai an sauke bashi. Wannan kam ni ma na san haka ne.

Aka cire kuɗin. Injiniya ya cika alkawari, ba wanda aka yanke wa ko na yini guda. Mai gida ya jira iya jiransa, sannan ya sayar wa wani. Na gyara musu ɗaki biyu a bayan gidana. Har yau abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ranar tashi, bayan ta fita takaba, maƙwabta suka zo taya mu ɗaure kaya. Cikinsu akwai wata dattijuwa Bamumuya, tsohuwar nas, tana cikin waɗanda suka biya na shekara. Muna cikin loda katifu a mota sai ɗanta da ke karatu a ƙasar waje ya kira ta, irin kiran da ake ganin fuska. Ta juya wayar tana nuna masa tsakar gidan da ya zama wayam.

"Ka gaishe su, yau za su bar mu," in ji ta. Ya tambaye ta dalili, ta ce, "Oho, ban san me ya hana su sayen gidan ba."

Ta miƙa wa matar ƙanena wayar. Hoton ya fito tar a kan intanet ɗin nan da ta biya na shekara, ko sarƙewa bai yi ba. Matar ƙanena ta goge hannu a zaninta, ta karɓa, ta ce masa lafiya lau muke, ya karatu.