Ƙugiyar da Baba Mai Agogo Ya Ƙi Saki

Shekara ashirin da biyu yana shigowa asibitin nan kafin masu shara, ya wuce ɗakin nan mai sanyi na bayan ɗakin gwajin jini, ya ajiye agogonsa a kan tebur yana kallon lambobi. Shi ya sa ake ce masa Baba Mai Agogo. Gobe zai yi ritaya, kuma babbar nas, wadda aka ɗora wa jawabin bankwana, har yau ba ta san mene ne aikinsa ba.

Ta taɓa tambayarsa. Ya ce, "Ɗan aike nake, Hajiya. Kwamfutar ɗakin gwaji ba ta jin yaren ta likita, sai an bi ta wurina."

"To agogon fa?"

"Ina auna wace hanya ta fi sauri. Ko waccan ta kira wannan ta tsaya jiran amsa, ko kuma yadda ake ƙunshe saƙon kafin a tura."

Ta ce to, ta fita kanta na juyawa.

Shekarar da aka kawo sabuwar hanyar ƙunshe saƙo, shi da kansa ya auna, ya ga ta ninka tsohuwar sauri. Sai kuma ya ƙi kunna ta. Mako uku likitoci na masifa, shugaban asibiti na aiko takarda, babbar nas na cewa tsufa ne ya kama shi. Abin da ya fi ɗaure mata kai, duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya ce, "Tana cinye ƙugiya."

Wace ƙugiya kuma, a kwamfuta?

Ranar da za a ƙara wa yayar babbar nas jini, ya kira nas ɗin ɗakinsa. Ya nuna mata sunaye biyu, na yayarta da na wata mara lafiya, bambancinsu ƙugiyar harafi ɗaya tak: wannan da "ƙ", waccan da "k". Ya gwada tura su ta sabuwar hanyar. Suka fito suna ɗaya, da rukunin jinin waccan matar.

Nan ta gane da an kunna sabuwar hanyar, da jinin da bai dace da yayarta ba aka ƙara mata.

Ga abin da ta rubuta a jawabin bankwanan: Kai ne, Baba, ka sha zagi mako uku a kan ɗan lanƙwasar harafi. Kai ne ka fi kowa son sauri, ka kuma fi kowa sanin inda ake taka birki. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, in kun auna sauri, ku buɗe saƙon ku ga ko ya iso yadda aka tura shi.

Babbar nas ta yage jawabin nan sau huɗu, don har yanzu ba ta iya bayanin aikin ba. Ta yanke shawara gobe ba za ta yi dogon zance ba. Za ta riƙo hannun yayarta ne, ta kawo ta gabansa su gaisa.