Armaya'u Mai Washin Kibiya

A Runka, zamanin da manomi ke noma ido ɗaya a kan kunya, ɗaya a kan hanyar da mahara ke ɓullowa daga Maraɗi, an yi wani mutum sunansa Armaya'u. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma Allah ya jarrabe shi da son wasa ƙarfe. Fartanya, lauje, magirbi, har allurar matarsa Hansai, sai ya goga su a dutse sun yi ƙyalli. Ana cewa da ya sami hali da harshen surukarsa ma ya wasa, sai dai wannan an haife shi da kaifinsa.

Ya kai shekara arba'in bai taɓa jan baka ba. Gonarsu ta gado tana bakin dajin Rugu, kuma a shekarar da gero ya fi kyau, wata tsohuwar ɓauna da garke ya kora ta mayar da gonar ɗakinta. Yayansa Daudu ya je korarta da sanda. Ta soke shi a ciki, ta ɗaga shi, ta yar, ta bi shi da kofato. A cikin zani Armaya'u ya tattaro ɗan'uwansa.

Iyalin Daudu suka dawo wuyansa, baki goma sha ɗaya. Gero ya nuna, ba mai yarda ya shiga gonar ko da gayya, maharban gari kuma an kira su yaƙi. In ɓaunar ba ta mutu ba kafin tsuntsu da gara su gama nasu rabon, gidan ba zai ga damina ba.

Sai ya taka zuwa Safana wurin Mati, tsohon sarkin baka da hannu ya fara rawa. Mati ya jera masa baka uku. Armaya'u ya wuce kai tsaye kan babban, na yaƙi, ya ja har jijiyar wuya ta fito, tsirkiyar ko kusa da haɓarsa ba ta zo ba.

"Aje shi, ɗan manomi, kada ka haihu a zaurena," in ji Mati. "Baka ba turmi ba ne da za ka zaɓi mai nauyi. Wanda ka ja zuwa kunne kana iya amsa sallama, shi ne naka."

Ya miƙa masa na tsakiya, na icen dargaza, ya sa masa tsirkiyar fata murɗaɗɗiya, ya hana shi barinta a raɓa. Ya ba shi zoben ƙarfe na babban yatsa don kada tsirkiya ta ci nama, da kwari mai murfi, da kibiya tara masu kunne, kawunansu dumu-dumu da baƙin dafin kwankwani. Ya ce masa ƙarfi ba ya kashe ɓauna, dafi ke kashe ta. Ya ce ya harba sau ɗaya kawai, ya haye itace, ya jira.

"Na ji, Baba," in ji Armaya'u.

Ya ji ɗin, amma da kunnen manomi. Da ya dawo gida ya zazzage kwarin, ya ga kibiyoyi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ransa ya ɓaci. A saninsa, maƙera kan shayar da takobi dafi ya shige cikin ƙarfe har abada. To wannan ɓawon na waje ai datti ne. Ya jawo dutsen washi ya zauna. Hansai ta tambaye shi ko tsohon ya ce a yi haka, ya ce tsohon ido ya yi masa nisa, shi ya sa bai ga tsatsar ba. Takwas ya wanke fes, yana zuwa kan ta tara aka kira azahar, ya mayar da ita yadda take.

Washegari da hantsi ya sami ɓaunar kwance cikin gero. Ya ja zuwa kunne ya saki, kibiya ta nutse a kafaɗarta. Ya haye wani marke ya zauna yana jiran dafi. Ɓauna ta miƙe, ta dube shi, ta ci gaba da cin geronsa. Ya ƙara mata biyu, ya ƙara uku. Ta koma kamar bushiya, jini na zuba, ko tangaɗi babu. Sai ta gaji da raini ta zo ta kai wa marken karo. A karo na uku reshen ya ɓalle.

Ƙahonta ya shiga cinyarsa ya fita ta baya. Ta watsa shi cikin kara, ta durƙusa masa da gwiwa har ya ji haƙarƙarinsa na karyewa ɗaya bayan ɗaya. Bakan ya tsage a ƙarƙashinsa, kwari ya fashe. Hannunsa na lalube a ƙasa ya kama kibiya, ya cusa mata a hanci da dukan ƙarfinsa har kyauron ya karye. Baƙar ce, wadda salla ta cece ta daga dutse.

Ɓaunar ta ja da baya tana atishawar jini. Ta zaga gonar sau biyu, ƙafafun gaba suka naɗe, ta kife.

A kan ƙyauren ɗaki aka ɗauko shi. Mati ya zo dubiya a kan jaki, ya ɗauki ɗaya daga cikin kibiyoyin da aka zaro daga jikin ɓaunar, ya juya ta a rana.

"Wallahi tunda nike ban taɓa ganin kibiya mai kyawun wannan ba," ya ce. "Saura ka wasa min haƙora."

Armaya'u ya so ya yi dariya, haƙarƙari ya hana. Kwana uku bayan haka mutanen Runka suka shiga gonar da gayya, aka ɗaure dami ɗari da ashirin. Yana kwance yana jin ana zuba su a rumbu. Ya rayu shekara ashirin da wani abu yana jan ƙafar hagu, kuma 'ya'yan Daudu duka a gidansa suka girma.