Daga Barkiya Zuwa Shema da Ɗan Fari

Shema zuwa Barkiya

Tun kafin ladan ya yi kiran farko muka ɗaura wa jaki akumari, ni da Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifina. A farkon kaka ne, shekarun da Nasara ba su daɗe da zuwa ƙasar Katsina ba. Matata Hansatu tana gidan iyayenta a Barkiya tana wankan jego na ɗanmu na fari. Mahaifina kuwa, Malam, ciwo ya kwantar da shi tun tsakiyar damina, ko suna bai samu zuwa ba. Daren da za mu tashi ya ce da Gwaggo a kawo masa yaron ya gani, kada a jira arba'in, don shi bai ga alamar zai kai ba.

Na durƙusa a bakin ƙofarsa na yi sallama. Ya ce, "Kai, ka lura da jakin nan." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni ma ɗan fari ne, kuma Malam mutum ne mai riƙon kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dafa kaina ba. Ƙannena suna hawa cinyarsa, ni kuwa "kai" ne ko "wancan". Na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye ba, ta daɗe tana ci mini rai.

Muka kwana a hanya, muka isa Barkiya washegari da la'asar. Ni dai a zaure na tsaya, kaina a ƙasa. Gwaggo ta shiga wajen surukata, ina jiyo su.

"Mai jego ta hita ba ta yi arba'in ba? Sanyi shi kama ta, wa za ya ɗauki alhaki?"

"Ni," in ji Gwaggo. "Duk inda muka sauka zan dahwa mata ruwa da hannuna. Malam ba shi da kwanakin jira, Yaya."

Can na ji an ce a ɗauko tukunyar wanka.

Barkiya zuwa Kurfi

Da asuba Hansatu ta hau jaki, Gwaggo ta goyi yaron, ni ina gaba da sanda. Ban ga fuskarsa ba. Ran suna ma daga nesa na hango zanen da aka naɗe shi. Ita ma uwar tasa, a gaban mutane ko kallonsa ba ta yi, sai an miƙo mata ta ba shi nono tana duban wani wuri.

Dab da Kurfi muka tarar da wani dogari a bakin hanya, an tara maza da jakuna a gindin kuka. Bature ne zai fita rangadi ana neman masu ɗaukar kaya. Na san wanda aka ɗauka ba ya ganin gida sai an gama zagayen.

"Kai mai jaki, matso nan!"

Gwaggo ta riga ni. Ta juya masa baya ta ɗaga mayafi. "Ɗana, dubi abin da muka ɗauko. Kakanshi na kwance a Shema yana jira. In ka ɗauke wanga, wa za ya kai mu?"

Dogarin ya leƙa goyon, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Allah shi raya. Ku bi ta bayan gonakin can, kada ku bi ta kasuwa."

Muka sauka a gidan wani malami abokin Malam. Matan gidan suka ba mu itace, Gwaggo ta dafa ruwa har yana tafasa ta yi wa Hansatu wanka, aka dama mata kunun kanwa. Ni na sayi fura da kuɗin wuri, don mai furar ta ce ba ta yarda da kuɗin Nasara mai huji ba. Ban iya shanye ta ba, hankalina yana Shema.

Kurfi zuwa Dutsin-Ma

Wannan ce doguwar rana. Muka bar gonakin Wurma a gefe, gero ya sunkuyar da kai, dawa tana fitar da ido, shanun Fulani suna kiwo a fadama. Da rana ta take muka iso wata ƙorama mai sauran ruwa, da babbar tsamiya a bakinta. Na so mu wuce, Gwaggo ta ce a nan za a huta, ko na so ko na ƙi.

Ta kwance goyo ta shimfiɗa yaron a kan zane. Sannan ta karkaɗe jikinta ta ce, "Bari in tahi neman ganyen tsamiya na wankan yamma. Zan daɗe."

Na ɗaga kai na dubi tsamiyar da ke kanmu, reshenta har yana taɓa rawanina. Na buɗe baki, Hansatu ta harare ni, na rufe.

Da Gwaggo ta ɓace cikin dawa, daji ya yi tsit, sai kukan kurciya da ƙarar ruwa. Yaron ya buɗe ido yana bin inuwar ganye da kallo. Hansatu ta ce da ni a hankali, "Malam Isiyaku, ba kowa."

Na ɗauke shi. Ban san inda ake tallafe kai ba sai da ta gyara mini. Ba shi da nauyi ko kaɗan, yana ƙanshin hayaƙi da nono. Na kai shi bakin ruwa, na nuna masa balbelu a bayan shanu, ina yi masa surutu kamar yana ji. Uwarsa tana ƙirga yatsun ƙafarsa tana dariya tana hawaye. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan inuwa ba. Ana cikin haka ya tsula mini fitsari a gaban riga.

Na wanke a ƙorama. Gwaggo ta dawo hannu wofi, ta dubi rigar ta ce, "Ashe an yi ruwa bayana." Ta miƙa hannu ta tsinki ganye a reshen da ke kanmu.

Muka kwana a gindin dutsen Dutsin-Ma, gidan wata 'yar'uwar Gwaggo.

Shema

Da hantsi muka shiga gari. Tun daga nesa nake kasa kunne, da na ji ƙannena suna karatu a zaure kamar kullum na ce alhamdu lillahi.

Malam ya rame ƙwarai. Aka jingina shi da bango, Gwaggo ta ɗora masa yaron a cinya. Ni na tsuguna a bakin ƙofa, inda na saba. Ya tofa masa addu'a, ya shafa kansa, yana kiransa abokina. Sai ya ce, "Indo, kun huta a tsamiyar ƙorama?"

"Mun huta, Yaya."

"Kin tahi neman ganye?"

"Na tahi. Yadda Innarmu ta yi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa bai dube ni ba, yaron ya duba.

"Abokina, bari in ba ka labari. Ran da muka ɗauko ubanka daga Kurfi, a gindin tsamiyar nan na ɗauke shi. Ya jiƙa mini riga sharkaf. Na ƙi wankewa, sai da sallar azahar ta tilasta ni." Ya numfasa. "Ka riƙe Isiyaku da kyau. Ɗana ne na hwari."

Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan rigar da na wanke jiya.

Malam ya rasu kafin Hansatu ta cika arba'in, Allah ya jiƙansa. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu a kan lokaci, da dogarin da ban san sunansa ba, da Gwaggo Indo. Yaron ya girma, ni ma ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Amma ran da zai tafi ɗauko nasa ɗan farin, na ce da ƙanwata ta raka su, na kuma kwatanta mata tsamiyar.